Ƙwaron furen ƙuduji: abin da yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Babu manomi a jihar Maraɗi da ke bukatar a gabatar masa da ƙuduji. Daga gonakin jigawa na Mayahi da Tasawa har zuwa Gidan Runji da Madarunfa, duk wanda ya taɓa shuka hatsi ko dawa a ƙasar da ta gaji ya san wannan haki mai fure ruwan hoda, wanda wasu ke kira wuta-wuta, kuma ya san cewa duk ranar da furen ya bayyana a tsakanin shuka, ɓarna ta riga ta yi nisa a ƙarƙashin ƙasa. Abin da mutane kaɗan suka sani shi ne ƙudujin ma yana da mai cin sa. Akwai wani ɗan ƙwaro mai dogon baki, wanda tsawonsa duka bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, da ke sauka a kan furen ƙuduji ya saka ƙwai daidai inda iri zai ƙullu, tsutsarsa kuma ta cinye irin tun bai nuna ba. Masana suna kiran zuriyarsa Smicronyx. An haura shekara 60 ana sa masa ido da fatan ko shi ne zai zama maganin ƙuduji, kuma amsar da bincike ya bayar, duk da ba ita aka so ji ba, ta nuna a fili inda ƙarfin wannan haki yake da kuma inda ya kamata manomi ya sa nasa ƙarfin.

Wanda ya taɓa kwance buhun dawa ko masara da ya daɗe a ajiye, ya ga 'yan baƙaƙen ƙwarin nan masu tsinin baki suna yawo a cikin gari, ya riga ya ga dangin wannan ƙwaro. Gidansu ɗaya, gidan da masana ke kira Curculionidae, wanda aka bayyana jinsi sama da 50,000 a cikinsa, abin da ya sa yake cikin gidajen halittu mafi yawan jinsi a duniya. Alamar gidan ita ce kai da ya miƙe ya zama dogon baki, da 'yan haƙoran tauna a can ƙarshensa. Da wannan baki ne tamata take huda ƙwaya ko kara ko fure, ta haƙa ɗan rami, sannan ta juya ta saka ƙwai a ciki, ta yadda tsutsar da za ta ƙyanƙyashe za ta tarar da kanta a tsakiyar abincinta, a ɓoye daga rana da tsuntsaye. Na rumbu ya zaɓi hatsin da ɗan Adam ya wahala a kansa, shi ya sa kowa ya san shi kuma kowa ya tsane shi. Na fure ya zaɓi 'ya'yan abokin gabar manomi, shi ya sa ba wanda ya damu da ya nemi sanin sa.

Wani masanin ƙwari ɗan ƙasar Suwidin mai suna Schönherr ne ya raɗa wa zuriyar suna a 1843. Jikin ƙwaron a lulluɓe yake da 'yan ɓawo masu launin ƙasa da toka, kuma da zarar an taɓa reshen da yake kai sai ya naɗe ƙafafu ya faɗo ƙasa ya yi lamo, inda launinsa ke sajewa da rairayi. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ana gane zuriyar da wani ɗan tsagi da ya raba kai da baki, da kuma faratan ƙafa da suka haɗe tun daga tushe. Abin lura game da ita shi ne jinsuna da yawa a cikinta sun ƙware a kan tsirrai masu rayuwa a jikin wasu tsirrai. A Turai akwai masu kumbura jikin wata igiya marar ganye da ke nannaɗe shuka tana shan ruwanta, a Amurka kuwa jinsi biyu sun zama annoba ga masu noman furen rana domin mai. A nan yammacin Afirka, sunayen da suka fi fitowa a kan ƙuduji su ne Smicronyx umbrinus da Smicronyx guineanus, sannan a 1997 aka bayyana na uku, Smicronyx dorsomaculatus. Sun yi kama da juna ƙwarai, har sai an feɗe namiji an duba gaɓoɓin haihuwarsa kafin a tabbatar da wanne ne wanne, kuma wannan ne ya sa rahotanni da yawa na farko suka kira su da sunan zuriya kawai.

Ba za a fahimci aikin ƙwaron ba sai an fahimci yadda ƙuduji ke rayuwa. Na hatsi da dawa da masara, wanda masana ke kira Striga hermonthica, yana fara rayuwarsa ne daga ƙwayar da tsawonta bai kai rabin milimita ba, ƙwayar da ba ta ɗauke da guzurin da zai riƙe tsiro fiye da 'yan kwanaki. Saboda haka ba ta tsirowa don kawai an yi ruwa. Sai ta kwana kamar mako ɗaya zuwa biyu a cikin ƙasa mai laima da ɗumi, sannan ta jira wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Idan ta ji shi, sai ta fitar da 'yar saiwa, kuma dole ne saiwar shuka ta kasance a tazarar 'yan milimita, in ba haka ba tsiron ya mutu. Idan ya kai, sai ya ƙulla wani bakin tsotsa da ke kutsawa cikin jijiyoyin ruwa na shukar, ya zauna a ƙarƙashin ƙasa makonni huɗu zuwa bakwai yana shan ruwa da abincin da hatsi ya tara wa kansa, yana kuma dagula girmansa. Wannan ne lokacin da manomi ke ganin hatsinsa ya tsumbure, ganye ya yi ɗorawa kamar ana fari alhali ƙasa a jiƙe take, kuma a lokacin ko kan ƙuduji ɗaya bai leƙo ba.

Labarin wannan sinadari ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne ya bayyana dalilin da ya sa ƙuduji ya fi addabar gonar talaka. A 1966 aka fara tace shi daga saiwar auduga, wadda ke sa ƙwayar ƙuduji ta tsiro amma ba ta ba shi wurin kamawa. An daɗe ana mamakin abin da zai sa shuka ta riƙa fitar da abin da ke jawo mata abokin gaba, sai a 2005 masana a Japan suka gano cewa shukar tana kiran wasu ƙwayoyin naman gwari ne na cikin ƙasa, waɗanda ke haɗuwa da saiwa su taimaka mata jawo sinadaran abinci, musamman fosforas. Gwargwadon yunwar da shuka ke ji, gwargwadon yawan sinadarin da take zubarwa. Lamarin ya yi kama da mutumin da ya ɗaga murya cikin dare yana kiran maƙwabci ya kawo masa ɗauki, ɓarawon da ke laɓe a bayan danga ya riga maƙwabcin jin kiran. Ƙasar jigawa ta Maraɗi tana cikin masu ƙarancin fosforas, an daina barin gona ta huta saboda yawan jama'a da ƙarancin fili, hatsi ake maimaitawa a wuri guda shekara da shekaru, don haka duk sharuɗɗan da ƙuduji ke so sun cika.

Bayan ya fito sarari, ƙuduji yakan yi kamar wata guda kafin ya yi fure. Furen yana buɗewa daga ƙasan zangarniya zuwa sama, a hankali cikin makonni, kuma na hatsi ba ya iya haɗa iri shi kaɗai, sai ƙwari sun ɗauko ƙurar fure daga wani tsiron. Kowane fure da ya samu haɗi yana zama ɗan kwanso mai ɗauke da ɗaruruwan ƙwayoyi, tsiro guda kuma yana iya zubar da dubun dubatar iri, wanda ke iya kwana a cikin ƙasa sama da shekara 10 yana jiran saiwar da za ta kira shi.

A daidai wannan gaɓa ta fure ne ƙwaron ke shigowa. Manyan suna fitowa daga ƙasa a cikin damina, su hau ƙuduji su ci furensa, su yi barbara a can. Tamatar tana huda gindin fure ta saka ƙwai a cikin mahaifar da iri ke ƙulluwa. Da tsutsar ta ƙyanƙyashe ta fara ci, sai tsiron ya mayar da martani da kumburi, kwanson ya yi ƙullutu ya fi na lafiya girma da kauri, abincin da ya kamata ya tafi ga ɗaruruwan ƙwayoyi ya koma gina naman da tsutsa ke ci. Kwanson da ya kumbura haka yawanci ba ya ba da iri mai rai, ko kuma ya ba da kaɗan ƙwarai. Idan tsutsar ta ƙoshi, sai ta huda ƙofa ta fito ta faɗo ƙasa, ta nutse 'yan santimita, ta gina wa kanta ɗan ɗaki na ƙasa, ta kwanta a can tsawon kaka da ɗari da bazara, sai damina ta dawo ta fito a matsayin cikakken ƙwaro. Binciken da aka yi a Burkina Faso a shekarun 1990, wanda Doulaye Traoré da abokan aikinsa suka gudanar a kan jinsi biyun farko, ya nuna cewa zubi ɗaya kawai suke yi a shekara, wato sau ɗaya suke hayayyafa. A riƙe wannan batu na zubi ɗaya, domin kusan duk raunin ƙwaron daga nan ya taso.

Tun a 1959 wasu masu bincike a Nijeriya suka ba da rahoton ƙwaro mai kumbura kwanson ƙuduji, daga baya aka zagaya gabashin Afirka da Indiya ana tattara ƙwarin da ke cin wannan haki, kuma a ko'ina zuriyar Smicronyx ce ke fitowa a sahun gaba. Dalilan fatan a bayyane suke. Ƙwaro ne da ba ya taɓa hatsi ko dawa, ba ya bukatar a saye shi, yana neman ƙuduji da kansa, kuma yana kai hari daidai wurin da haki ke hayayyafa. Ga manomin da ba shi da kuɗin maganin feshi, babu abin da ya fi wannan daɗin ji. An same shi a Mali da Burkina Faso da Gana da Nijeriya, wato a duk kewayenmu, kuma a wasu gonaki akan tarar da kaso mai yawa na kwanson ƙuduji a kumbure, a wasu kuwa da ƙyar a ga ɗaya, haka nan yawansa yana hawa da sauka daga wannan damina zuwa waccan.

Abin da ya sanyaya gwiwa lissafi ne. A 1993 wasu masana daga Ingila suka wallafa wani lissafi da suka gina a kan yanayin gonakin Mali, inda suka bi rayuwar ƙuduji daga ƙwaya zuwa ƙwaya, suka tambayi kansu ko iri nawa ne Smicronyx umbrinus zai lalata kafin a ga bambanci a gona. Amsar ita ce sai ya lalata kusan kashi 95 cikin 100 na irin, kowace shekara ba fashi, kafin yawan ƙudujin da ke fitowa ya ragu da rabi cikin shekara 3 zuwa 5. Babu inda ƙwaron ke kai wannan matsayi a kai a kai. Domin a ga nauyin maganar, a ɗauki misali kawai: tsiro guda zai ba da ƙwaya 50,000, ƙwaro ya yi aikin da ba a saba gani ba ya lalata kashi 80 cikin 100, to saura 10,000 ke nan daga tsiro ɗaya. Idan akwai irin wannan tsiro guda 10 a kewayen gindin hatsi ɗaya, ƙwaya 100,000 ce za ta zuba a wurin, a kan wadda ta riga ta taru tun zamanin da mahaifin manomin ke noman gonar. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma da yawa ƙuduji ke yaƙi.

Akwai wani abu a ƙarƙashin wannan lissafi da ya fi adadin kansa muhimmanci. A gonar da ta cika da iri, abin da ke ƙayyade yawan ƙudujin da zai fito shi ne yawan saiwar shuka da ƙarfinta, domin gindin hatsi guda yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Ƙananan ƙudujin da suka kama saiwa ɗaya suna gasa da juna, da yawa suna mutuwa a ƙasa ba su ga rana ba. Saboda haka idan aka rage iri da rabi, waɗanda suka rage sai su samu sarari, kowanne ya fi girma ya fi ba da 'ya'ya, manomi kuma ya ga gonarsa kamar ba a taɓa komai ba. Sai an rage taskar irin da ke cikin ƙasa ƙwarai da gaske, har ya zama saiwar hatsi tana iya tafiya ba ta ci karo da ƙwaya ba, sannan raguwar za ta fara bayyana a ido. Abin da ya faru a Amurka ya tabbatar da taurin wannan taska. A 1956 aka gane wani jinsin ƙuduji, Striga asiatica, a gonakin masara na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu. Gwamnati ta killace yankin, ta yi amfani da magungunan kashe haki, har da cusa iskar etilin cikin ƙasa domin ta ruɗi ƙwayoyin su tsiro babu shuka su mutu. An kawar da shi daga kusan dukkan filin, amma aikin ya ci shekaru gommai, a ƙasar da ba ta rasa kuɗi ko kayan aiki ba.

Ga kuma matsalar lokaci. Ƙwaron yana fara aiki ne lokacin fure, alhali mafi yawan cutar da ƙuduji ke yi wa hatsi yana yin ta ne tun yana ƙarƙashin ƙasa, don haka ko ya cinye kowane kwanso a gona, ba zai ƙara wa manomi ko dami ɗaya ba a wannan damina. Amfaninsa na baɗi ne da baɗin waccan. Kuma tunda ƙuduji ba ya fitowa rana ɗaya kuma ba ya fure rana ɗaya, furen da ya riga zuwan ƙwaro da wanda ya buɗe bayan ƙwari sun ƙare duk suna tsira da irinsu. Shi kansa ƙwaron yana da masu cin sa, wasu ƙananan dangin zanzaro da ke huda ƙullutun su saka ƙwansu a jikin tsutsar. Wadda ta kuɓuta daga gare su kuma tana da watanni takwas ko tara a gabanta a cikin ƙasar da aka kwashe karanta aka bar ta tsirara, ga zafin watan Afrilu, ga tururuwa, ga kofaton dabbobi.

Mai karatu zai iya tambaya, to ai an ji labarin inda ƙwaro ya kashe annoba ɗungurungum. Gaskiya ne, kuma misali mafi shahara a nahiyarmu shi ne na ƙwaron rogo mai farin gari, wanda ya shigo Afirka daga Amurka ta Kudu a farkon shekarun 1970 ya kusa gamawa da rogo. An gano abokin gabarsa a Faraguwai, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan ta fara sakin sa a Nijeriya a 1981 ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, cikin 'yan shekaru kuma annobar ta lafa a ƙasashe da dama. Sirrin wannan nasara shi ne annobar baƙuwa ce da ta baro mai cin ta a gida, da aka kawo shi kuwa shi ma ya baro nasa masu cin sa. Ko a cikin zuriyar Smicronyx an yi irin wannan, domin an ɗauki wani jinsi daga Meksiko zuwa Ostareliya a farkon shekarun 1980 don yaƙar wani baƙon haki. Ƙuduji kuwa ɗan gida ne a Afirka, ƙwaronsa ɗan gida ne, masu cin ƙwaron ma 'yan gida ne, sun daɗe tare har kowa ya samu gwargwadonsa, kuma gwargwadon da suka daidaita a kai shi ne wanda muke gani a gonakinmu yau. An gwada kawo wani jinsi daga Indiya, Smicronyx albovariegatus, aka sake shi a Habasha a shekarun 1970, bai kawo sauyin da aka yi fata ba.

Mu a Maraɗi muna da namu misalin da ya fi kusa, kuma shi ne ya fi sa mutane tunanin ko za a iya kiwon wannan ƙwaro a sake shi da yawa. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da ke Tarna, tare da masana irin su Ibrahim Baoua na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, sun yi suna wajen yaƙar tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi ta hanyar sakin wani ɗan ƙaramin dangin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda ake kai wa ƙauyuka cikin 'yan jakunkunan algarara. Wannan ya yiwu ne saboda ana iya kiwon sa a ɗaki duk shekara a kan tsutsar wani malam-buɗe-littafi da ke cin tsaba, kuma yana kammala zubi cikin ƙasa da mako biyu, ta yadda kaɗan da aka saka suke zama dubbai kafin hatsi ya nuna. Ƙwaron ƙuduji ba shi da ko ɗaya daga waɗannan. Tsutsarsa ba ta girma sai a cikin ɗanyen furen ƙuduji, ƙudujin ba ya girma sai a jikin hatsi ko dawa, kuma duk wahalar da aka sha zubi ɗaya za a samu a shekara. Wanda zai kiwata shi dole ne ya noma ƙuduji da gangan.

A ganina, kuskure ne a ɗauki duk wannan a matsayin hujjar watsi da ƙwaron, kamar yadda kuskure ne a jingina da shi. Lissafin Mali bai ce aikinsa banza ne ba. Abin da ya nuna shi ne babu wata dabara guda da za ta kai kashi 95 ita kaɗai, amma dabaru da yawa suna ninka juna. Idan tugewa da hannu ta kawar da mafi yawan tsirran kafin su zubar da iri, ƙwaro ya ci wani kaso na waɗanda suka kuɓuce wa hannu, aka juya gonar zuwa gujiya ko riɗi ko wake, waɗanda ke sa wani ɓangare na irin ƙudujin hatsi ya tsiro ya rasa abin kamawa, aka kuma kai taki ko da a gurbin shuka ne domin hatsi ya rage kiran da yake yi, to a nan ne jimillar ke doshin adadin da ake bukata. Sassaben zamani da ya faro a wannan jiha a shekarun 1980, wanda ya dawo da gawo da sauran itatuwa cikin gonaki, yana aiki ta wannan fuska, domin duk abin da ya ƙara wa ƙasa ƙarfi ya rage wa ƙuduji dama. Haka nan tsabtace iri, tunda tsabar da aka sussuka a ƙasa a gonar da ke da ƙuduji tana iya ɗaukar ƙwayoyinsa zuwa gonar da ba ta taɓa ganin sa ba. A cikin waɗannan duka, ƙwaron ne kaɗai ba ya neman kuɗi ko gumin kowa.

Akwai tambayar da dole ta taso ga duk wanda ya bi bayanin nan, wato ko tuge ƙuduji lokacin fure ba zai kashe 'ya'yan ƙwaron da ke cikin kwanso ba. Zai kashe su, babu shakka. Amma ban ga wani dalili da zai sa manomi ya bar ƙuduji a gonarsa don ya ciyar da ƙwaro ba, domin hannun da ya tuge tsiro kafin kwansonsa ya nuna ya hana dukkan irinsa zuba, abin da ƙwaron ba ya iyawa. A tuge shi da zarar fure ya fara buɗewa, a fitar da shi daga gona, a ƙone shi ko a binne shi a rami mai zurfi, saboda wanda aka yar a tsakanin shuka yana iya ƙarasa nunar da irinsa ko bayan an tuge shi. Ƙwaron ba zai rasa mazauni ba. Ƙuduji yana kama wasu hakukuwan daji a bakin gona da burtali, kuma ko a ƙauyen da ya fi kowane himma ba a rasa gonar da hannu bai kai ba. A irin waɗannan wurare ne aikinsa ya fi tasiri, domin daga nan ne iri ke komawa gonakin da aka tsabtace.

Inda manomi ke da zaɓi na gaske shi ne wajen feshi. Wake yana da nasa ƙuduji daban, Striga gesnerioides, gajere mai kaurin kara da 'yan ganye kamar ɓawo, wanda ke haɗa irinsa shi kaɗai kuma ya kasu zuwa nau'o'i daban-daban daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa irin waken da ya jure masa a wani wuri kan faɗi a wani. An samo juriya mai ƙarfi daga wani wake na Botsuwana mai lamba B301, kuma a yau akwai ingantaccen iri kamar IT97K-499-35 da manoman Nijar suka sani. Ƙwarin Smicronyx suna kumbura kwanson wannan ƙuduji ma. To amma lokacin da wake ke fure, lokacin da ake ɗaukar famfo a fesa masa maganin ƙwari mai kashe duk abin da ya taɓa, shi ne kuma lokacin da ƙuduji ke fure a gona guda, tunda a nan hatsi da wake tare ake shuka su. Feshin da aka yi ba tare da duba ko ƙwarin wake sun kai yawan da ya cancanta ba yana sauka a kan ƙwaron ƙuduji da kuma zanzaron da aka wahala aka saka domin zangarniya. Rage yawan feshi zuwa lokacin da ake bukatarsa, nufar waken kansa maimakon watsa magani ko'ina, da amfani da ruwan 'ya'yan dogon yaro inda zai wadatar, duk suna barin waɗannan ƙwari da rai.

Gane ko ƙwaron yana aiki a gona ba ya bukatar kayan ɗakin bincike. A cikin watan Satumba, a ɗauki zangarniyar ƙuduji a bi kwansonta daga ƙasa zuwa sama. Na lafiya siriri ne, idan ya bushe aka murza shi sai baƙin iri ya zubo a tafin hannu. Wanda ƙwaro ya shiga a kumbure yake, idan aka tsaga shi da farce za a tarar da farar tsutsa a lanƙwashe, marar ƙafafu, ko kuma a ga ɗan ramin da ta fita ta bari. Malaman gona da ɗaliban sashen noma na jami'armu suna iya ƙidaya kwanson da ya kumbura cikin kowane 100 a gonakin da ake fesawa da waɗanda ba a fesawa, a jigawa da kuma kwarin Gulbin Maraɗi, su maimaita damina bayan damina, kuma da irin wannan ƙidaya ce za a iya gaya wa manomi a wane mako ne feshi ya fi yi wa ƙwaron illa.